Teburin Sambo da Surukinsa

Kamfaninmu na Wad Madani, a ƙasar Sudan, ya bunƙasa, amma tunaninmu yana nan inda yake. Manhajarmu tana sanar da manoman yankin Jazira ranar da za a sako ruwa gonakinsu, a rubuce, da Larabci. Tsofaffin ƙauyenmu, Hausawa da ba sa karanta Larabci, sai su riƙe waya suna neman mai karanta musu, kuma ba wanda abin ya dama a ofis.

Na matsa wa shugabarmu, Ustaza Widad, ta bar ni in shirya hakaton: a ajiye aikin kullum kwana biyu, a kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina sabon abu. Burina a samar wa manoma saƙon murya na Hausa.

"Na yarda, ya Ɗayyabu," in ji ta. "Amma in saƙon murya na Hausa bai yi aiki ba ranar Alhamis, halas, shi ke nan, kada in sake jin zancen."

Ni na raba mutane. Teburin Hausa na ba Sambo, gwaninmu a manhaja, da Malam Maliki mai zagaya gonaki, wanda Hausarsa ba ta gauraye ba. Sambo yana auren 'yar Malam.

Sambo ya ja ni gefe. "Ya zol, ɗan'uwa, surukina ne fa. Da wane baki zan ce masa sake, bai yi ba?"

"Nan ofis ne, ba zauren gidansu ba," na ce. "Wannan kunyar ce ta hana mu gaba!"

Aikin bai da wuya: Malam ya yi magana gajeriya, Sambo ya ɗauka ya gwada. Duk sanda na wuce, sai in ga kan Sambo a sunkuye yana cewa, "Madalla, Baba." Da aka kawo tiren ful, wato dafaffen wake, Sambo ya fice, don ba ya cin abinci gaban suruki.

Ranar Alhamis aka kunna saƙon a gaban kowa. Muryar Malam ta cika ɗakin: sallama, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aikin gona. Kafin ya ambaci ruwa, lokacin saƙon ya ƙare, layi ya yanke. Sambo ya sani tun jiya, bai iya faɗa ba.

Ustaza Widad ta rufe kwamfutarta. Sauran suka tashi suna dafa kafaɗar Sambo, wai yaro mai tarbiyya. Suka fita wajen mai shayi, ba wanda ya ce in zo.

Na tsaya ina jera kujeru. Na sake kunna saƙon. Da Malam ya ce "Ina gajiya?" sai na ji bakina ya amsa, "Ba gajiya."