Hannun Almakashi

Auta ce ta kafa wa babanta sharaɗin a waya, da irin muryar da uwarta ke yi in ba ta son musu. Jaririyar da ta haifa bakwaini ce, huhunta bai yi ƙwari ba, kuma likita ya ce duk mai son ɗaukarta sai ya yi allurar rigakafin murar bana. Har kakanta. Musamman ma kakanta, da tarinsa ya girmi uwar jaririyar.

Tsohon telan bai ja ba. Tun da matarsa ta rasu ya bar musu, don babu wanda ya iya shi kamarta.

Washegari ya sa farar rigarsa mai dogon hannu, wadda ya ɗinka wa kansa lokacin yana da ido, ya tafi ƙaramin asibitin unguwa. Kujerun ɗakin jira a haɗe suke da ƙarfe, talabijin na ta motsa baki ba murya. A bango akwai hoton wasu tsofaffi, mata da miji, suna nuna damatsa suna dariya da haƙora cikakku. Ya duba rigar mijin. Kafaɗar ta zame, aikin gaggawa ne.

Na kusa da shi, wani tsohon direba, ya ce shi ba da son ransa ya zo ba, matarsa ce ta koro shi, tana ma waje tana gadin ƙofa kar ya gudu. Telan ya ce Allah ya bar su tare, ya mai da ido kan talabijin.

Nas ɗin sa'ar Auta ce. Ta tambaye shi ko yana zazzaɓi, ko wata allura ta taɓa ba shi wahala, ya ce a'a. Ta ce ya naɗe hannun riga. Hannun ya zo gwiwa ya cije. Duk shekara, ranar allura, matarsa kan ajiye masa riga mai gajeren hannu a kan gado, shi kuwa ya ɗauka zafi take tausaya masa. Dole ya cire rigar gaba ɗaya. Singiletin ciki ta koma launin ruwan wanki, ga huda a gefen ciki.

"Ni na ɗinka rigar," ya ce, kamar an tambaye shi.

"To Baba, gaba in za ka ɗinka ka bar mana ƙofa. Wane hannu?"

Ya waiwayi kujerar da ke gefensa. Kwalin safar hannu ne a kai. Matarsa ce ke amsa wannan tambayar tun kafin ya buɗe baki, kuma bai taɓa riƙe abin da take cewa ba. Ya miƙa na dama, don shi ya fi kusa da nas ɗin. Bai ji shigar allurar ba. Ta manna filasta, ta ba shi wata takarda, ta yi bayani, yana ta gyaɗa kai yana neman ramin maɓalli.

Daga nan bas ya hau zuwa gidan Auta. Ta buɗe ƙofa ta tsaya a tsakiyarta. Ya ɓalle maɓallai, ya zame rigar daga kafaɗa, ya nuna mata filastar.

"Baba, sai ta yi sati biyu a jiki kafin ta fara aiki. Ba su gaya maka ba?"

Wataƙila sun gaya masa. Auta ta ga singiletin, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ja rigar ta rufe, tana mayar masa da maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Kuma a dama ka bari aka yi maka? Mama kullum hagu take cewa. Saboda almakashi."

Ya ce to.

Mijin Auta ya fito da jaririyar, ya tsaya can ƙarshen falo ya ɗaga ta yadda za a gani daga ƙofa. Sunan marigayiyar suka sa mata. Telan ya tsaya yana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Shiru. Idonsa ne kawai ya yi abin da ya saba: kafaɗa, ƙirji, tsawo. Surukin ya ce ya shigo mana ko ruwa ya sha daga nesa, Auta ta harare shi, ya koma ciki da 'yarsa.

A gida ya yaye zanen da ya rufe keken ɗinki. A ƙasan durowa ya sami ragowar wani yadi mai laushi da matarsa ta saya ba ta ce na mene ne ba. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya zana 'yar riga da alli, ya ƙara faɗin yatsa a kowane gefe, na girman da za ta yi a sati biyu.

Da ya ɗaga almakashi damtsen ya amsa, wani ciwo mai nauyi har kafaɗa. Ya dakata yana sauraronsa. Rabon da wani wuri a jikinsa ya ce masa wani abu, ya manta. Ya ci gaba da yanka a hankali, ya bar hannun rigar da faɗi.