Motar Surukin Inna

Shekara ashirin da biyu da aurena da Clancy, bai taɓa yi wa mahaifiyata magana ba, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Haka al'adarmu take tsakanin mutum da uwar matarsa. In ya hango Inna tafe daga kanti sai ya ratse ta bayan gidaje. In tana da saƙo gare shi ni take gaya wa, ko da kuwa yana jin ta.

Ranar da nas ta ce ƙodar Inna ta gaji, dole ta koma birnin Alice Springs da zama a riƙa yi mata wankin ƙoda, a gidana muka taru. Clancy na gefen ɗaki ya ba mu baya, yana gyaran famfo.

"Verna, wata nawa suka ba ni?" in ji Inna.

"Biyu. Da sanyi ya fita za su zo su ɗauke ki."

Ta daɗe tana juya kofin shayinta. "Da ina da ƙafa, da na je na ga Wantari kafin nan."

Wantari wani kwarmin dutse ne mai riƙe ruwa, can yamma cikin hamada. A nan aka haife ta. Tana da shekara bakwai wata babbar mota ta kwaso su ita da danginta zuwa garin nan, tun daga ranar ba ta koma ba. Babu hanya, sai tudun yashi da ciyawa mai ƙaya, tafiyar kwana uku. Motarmu kuwa ƙarama ce, da kwalta ta ƙare sai ta fara kuka.

Clancy bai juyo ba. Washegari da safe sai ga shi da ƙanena Rodney sun janyo wata a-kori-kura daga bayan filin jirgi, inda ake zubar da matattun motoci. Irin mai jan ƙafa huɗun nan ce, ta fi auren namu tsufa. Ba gilashi, ƙofa ɗaya ta ɓace, rina ta yi gida a ƙarƙashin sitiyari.

Rodney ya zagaye ta yana riƙe da ƙugu. "Mijin Yaya, wanka za mu yi wa gawar nan ko a haka za mu binne ta?"

"Miƙo sifana ka rufe baki," in ji Clancy. "Injinta ya fi huhunka lafiya."

Ba mu da abin sayen kayan gyara, don haka gawarwakin motoci ya bi ɗaya bayan ɗaya. Lagireto ya ciro daga tsohuwar bas ɗin coci, sifirin daga wata motar da masu neman ma'adinai suka yasar. Giyabos kuwa sai da ya yi wa wani mai garken shanu gyaran shinge na kwana uku kafin ya bar masa na motarsa da ta ƙone. Tayoyi shida ya tara, ba biyu masu kama da juna. Batir da fanbel da baƙin mai kaɗai ya saya sababbi. Ya yanko ragar tagar ɗakinmu ya ɗaura a gaban lagireto don kada 'ya'yan ciyawa su toshe shi, ni kuma na yi wata guda ina fama da ƙuda.

Ban taɓa tambayarsa dalilin gyaran ba, amma gari duk ya sani. Matar fasto ta aiko da kujerar mota mai laushi. Wani tsoho da ba ya ko shiri da mu ya turo jarkoki huɗu a baro, ya ajiye ya tafi. Inna kan zauna nesa a gindin bishiya, ta juya wa motar baya, amma kunnenta na can. Wata rana ta ce min, "Yau ba na jin guduma. Mutumin naki lafiya?"

A mako na huɗu injin ya tashi. Baƙin hayaƙi ya rufe tsakar gida, karnuka suka watse. Rodney ya cire hula ya ce ya janye batun jana'iza.

Sai kuma maganar wanda zai tafi. Clancy ya ce shi ba zai je ba, tunda ba zai zauna kusa da Inna ba. Ya ce Rodney ya ja motar. Da na kai wa Inna saƙon ta yi tsaki.

"Rodney? In ta lalace a daji zama zai yi ya taya ni kuka. Ki ce wa mutumin naki ya nemo dabara."

Dabarar da ya nemo ita ce ni in ja motar. Mako guda yana koya min a busasshen tafkin gishiri, yadda ake sa ƙafa huɗu, yadda ake hawa tudun yashi ba tare da an ɗaga ƙafa daga totur ba. Inna da Rodney za su zauna gaba tare da ni. Shi kuma ya rataye bargo a tagar baya, ya yi wa kansa wurin zama a bodi tsakanin jarkoki da tayoyi. Mutumin da ya yi mako biyar a ƙarƙashin motar nan bai riƙe sitiyarinta ko na taku ɗaya ba a duk tafiyar. In yana so in tsaya ya bugi rufi sau ɗaya, in ci gaba sau biyu.

Ranar farko lafiya lau. Da muka shiga yashi ya rage wa tayoyi iska, motar ta riƙa hawa tudu tana nishi kamar tsohuwar saniya, amma tana hawa. A rana ta biyu na faɗa wani rami da ciyawa ta rufe, muka ji ƙas, motar ta karkace. Sifirin baya ya karye. Na fito na ce na kashe mana tafiya.

Clancy ya leƙa ƙasa ya ce, "Ramin ne ya zo inda bai kamata ba. Ɗauko min gatari."

Ya saro reshen mulga, itacen nan mai taurin ƙarfe, ya sassaƙe shi, Rodney ya ɗaga motar da jak, suka cusa shi a gurbin suka ɗaure da wayar shinge. Inna na can gefe ta ba su baya, ta hura wuta ta gasa burodi a toka. Da ya nuna ta ɓare gefen da ya fi laushi ta ba ni. Ba ta faɗi na wane ne ba, na kai masa.

Idon Inna ba ya gani nesa, don haka ni nake faɗa mata abin da ke gabanmu, ita kuma ta ce dama ko hagu. A rana ta uku muka ɓata. Tun hantsi muke zagaye wasu jajayen duwatsu masu kama da juna, Rodney na ta kallon allurar mai. Can Inna ta ce, "Wataƙila na manta. Shekara sittin ba kwana biyu ba ne. Ku mayar da ni."

Na taka birki. Sai na ji an bugi rufi sau biyu.

Na ci gaba. Ba mu yi nisa ba Inna ta dafa hannuna ta ce in kashe injin. Muka yi tsit. Ta karkata kai, sannan ta nuna hagu da leɓe. "Kuna jin tsuntsayen nan? Ba sa nisa da ruwa."

A bayan dutse na biyu muka same shi. Yashi ya cike kwarmin, ga ƙasusuwan wani raƙumi da ya faɗa ya mutu. Clancy da Rodney suka shiga da shebur, suka yi ta kwasa har rana ta karkata. Da yashin ya fara danshi Rodney ya daina surutu. Ruwa ya tsattsafo a hankali, da fari jaja-jaja, daga baya ya kwanta ya yi garau. Clancy ya fito ya koma bayan mota ya zauna, don Inna ta samu matsowa.

Na riƙo ta har bakin ruwan. Ta ɗebi yashi ta watsa a ciki, ta ɗaga murya ta gaya wa wurin ko ita wace ce, 'yar wane da wance, ta dawo da 'ya'yanta. Ta wanke fuska, ta sha, ta yi kuka mai isarta. Ta nuna mana inda uwarta ke daka tsabar ciyawar daji, dutsen na nan da kwarminsa.

Da ta natsu ta ce, da ƙarfi yadda za a ji a bayan mota, "Verna, ki gaya wa mutumin can, da ya zo neman aurenki ni ce na ce wa ubanki ban yarda ba. Na ce mutum ba baki, hannu kullum baƙi da mai. Ki ce masa ban iya duba ba. Ya zo ya sha ruwan gidanmu, na juya baya."

Ta juya. Clancy ya taho ya durƙusa ya sha da tafin hannu sau uku. Ya daɗe a durƙushe kafin ya miƙe, idonsa ya yi ja.

"Ki ce mata ruwan da daɗi," in ji shi.

Kwana biyu muka yi a Wantari, muka dawo lafiya. Da sanyi ya fita aka zo aka ɗauki Inna, ta shiga motar asibiti ba gardama.

Yanzu shekararta guda a Alice Springs. Duk wanda aka kwantar kusa da ita a ɗakin wankin ƙoda sai ya ji labarin surukinta, har nas-nas sun haddace. Ta dalilin haka tsofaffi uku suka aiko suna roƙon a kai su ganin wuraren da aka haife su, an kai biyu. Na ukun wani dattijo ne da ya ce nasa wurin ya fi Wantari nisa da yini guda. Clancy ya ce sai an ƙara tankin mai, kuma ya riga ya ga wani a jikin wata matacciyar tirela. Jiya da safe ya tafi ciro shi, Rodney na biye da shi yana mita.