Siton Waken Alhaji Dabo

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela. Ina wanki a tsakar gida Sufyanu, abokin aikin mijina Halliru, ya yi sallama, ya tsaya a zaure bai shigo ba.

Na ce, "Mi ya faru?"

Ya ce, "Yaya Kubra, sai haƙuri."

Halliru ɗan dako ne a siton waken Alhaji Dabo. In an shigo da wake daga Kwanni, sai a sa masa ƙwayar maganin ƙwari, a rufe sito kwana bakwai. Ranar nan kwana uku ke nan da rufewa, amma mota ta iso daga Kudu, direba na sauri. Alhaji ya ce a buɗe. 'Yan dako suka yi yadda suka saba, kowa ya jiƙa ƙyalle ya ɗaure hanci. Halliru ya fi kowa ƙarfi, shi ake turawa can ƙurya. A buhu na tara ya faɗi.

Bayan sadakar bakwai wasu ma'aikatan gwamnati biyu suka zo daga Sakkwato da takarda, don binciken rasuwarsa. Kafin su shigo, Baffan Halliru ya ja ni gefe.

"Ɗiyata, kwana ne ya ƙare. Kada ki ɓata abincin mutane."

Na so in yi shiru. Amma ƙanena Hamidu a siton nan yake dako, ga shi da mata da 'ya'ya uku. Sai na faɗa wa ma'aikatan abin da Halliru ya sha gaya mini: akwai takunkumin hanci a kwali a ofishin Alhaji, ba a fito da shi sai ranar da masu duba aiki za su zo.

Aka rufe siton wata guda. Matan 'yan dako suka daina amsa gaisuwata a bakin rijiya. Da aka buɗe, an raba wa kowa takunkumi, an manna takarda a ƙofa, wadda yawancin 'yan dakon ba su iya karantawa.

Hamidu ya ce mini abokansa na yi masa tsiya in ya sa. Wai "likita ya iso".

Na ce, "Bari su kira ka likita."

Ban san ko yana sawa a can ciki ba. Kullum da safe ta ƙofarmu yake wucewa. Ina tsayawa a zaure har sai ya ciro shi daga aljihu ya nuna mini, sannan in koma ciki in hura wuta.