Kawu Ya Zo da Famfo

Tun safe Baban Auta yake hura balan-balan da baki don bikin cikarta shekara bakwai. Yana cika su tam, suna fashewa.

Sai ga ƙanin matarsa da ɗan famfon iska. Ya hura su sako-sako, ya murɗe bibbiyu a zare, nan da nan suka zagaye ƙofar falo.

"Kawu ya fi kowa iyawa!" in ji Auta.

Uban ya dubi zaren. "Ai ya karkace," ya ce.

"To Yaya, bismilla, gyara mana," in ji Kawu.

Ya hau kujera ya ja zaren, gefe guda ya zubo.

"Baba, don Allah bar wa Kawu."

Ya sauko, ya riƙe wa Kawu kujerar.