Filashin da Baba Ke Zarewa

Kwamfutar shagon Baba ta tsufa, idan an kunna ta har nishi take yi. Da ita yake buga wa ’yan makaranta takardu tun da ya bar tuƙin babbar mota. Da ta ƙi tashi gaba ɗaya, ni autarsa na sa mata wata manhaja marar nauyi, irin wadda ke zaune cikin filashi, daga nan kwamfutar ke tashi. Na haɗa ta da intanet, na saita firinta, takarda ta fito tas.

Washegari Baba ya kira ni, wai ba intanet, firinta kuma ta yi gum. Na je na sake saitawa. Gari ya sake wayewa, 'yar gidan jiya. Komai ya goge, sai ka ce ban taɓa zuwa shagon ba.

Nan fa Yaya ya samu abin faɗi. A gaban Baba ya ce tsufa ne, Baba ya fara rikicewa, yana danne-danne yana mantawa, gara a rufe shagon ya zauna a gida. Raina ya ɓaci ƙwarai. Baba kuwa sai juya makullin shagon yake yi a hannu.

Ni dai abin ya tsaya min a rai. Mutumin da ko maɓalli ɗaya zai danna sai ya gyara zaman tabarau, ta ina zai goge saitin firinta? Na canja wayar da ta haɗa firinta da kwamfuta, na duba na'urar intanet, na sake sa direban firintar, wato manhajar da ke sarrafa ta, duk lafiya lau. Sai na ce yau ba inda za ni, na ja kujera gefe na zuba ido har lokacin tashi.

Baba ya share tebur, ya lulluɓe firinta da tsohon tawul. Sannan ya miƙa hannu ya zare filashin cak, ya jefa a aljihun gaba, kafin ya danna wurin kashewa. Allon bai ko girgiza ba, don manhajar takan kwashe kanta ta zuba cikin kwamfutar tun da safe. Amma duk saitin da aka yi, sai lokacin kashewa take komawa ta adana shi a filashin. Ta nema ba ta gani ba, ta mutu da abinta.

Na tambaye shi dalili. Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce wane direban kirki ne zai bar makulli a jikin mota?

Dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Na yi masa bayani, muka sake saitawa, shi da kansa ya buga lambar sirrin intanet da ka. Muka kashe da filashin a jiki, muka kunna. Firinta ta yi kukanta ta turo takarda.

Baba ya daɗe yana kallon takardar.

“Ashe ita ce mai mantuwar,” ya ce a hankali. “Auta, wallahi na fara yarda da maganar yayanki. Jiya har na tattara kayana.”

Sai a lokacin na lura da kwalin da ke ƙarƙashin tebur, an ɗaure shi da igiya. Na durƙusa na fara kwancewa.