Hannun Baba Ya Fara Rawa

Duk ƙarshen shekara kamfanin gine-ginen yakan raba takardar auna ƙwazo, kowane shugaban aiki ya zauna da mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu gaskiya. Haka dai aka rubuta a saman takardar. A cikin ofis kuwa romon baka ake sha, a sa hannu a tashi.

Bana, shugaban aikin wani dogon gini ya bar Baba mai injin ɗaga kaya sai ƙarshe, don tsoron zaman yake ji. Baba ne ya koya masa aiki, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi. Ga shi sau biyu a watan nan yana ganin damin rodi yana lilo a sama, daidai kan leburori, saboda hannun Baba ya fara rawa a kan liba, sandar sarrafa injin.

Baba ya shigo kwantenar da suka mayar ofis, ya cire hular kwano, ya zauna ya tura hannunsa na dama ƙarƙashin tebur.

"To, ranka ya daɗe, yau ɗalibi zai yi wa malami jarrabawa."

"Haba Baba, wane ni."

"Bar wasa. Tsakaninka da Allah, akwai abin da ka gani?"

Shugaban aiki ya dubi layin kiyaye haɗari a takardar, maki ɗaya zuwa biyar. Wanda ya samu ƙasa da uku akan sauke shi daga inji a tura shi wajen likita, kuma ba a taɓa ganin wanda ya sake hawa ba. Kunya ta rufe shi, irin kunyar nan da ba ta da amfani ga kowa.

"Ba komai, Baba. Sai dai a ƙara kula."

Ya zagaye biyar.

Baba ya dubi makin da aka zagaye. Sannan ya fito da hannun ya karɓi biro, sa hannun nasa ya karkace ya bar layi.

"Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka ana gani. Har na ce wa mamanku, in yaron nan ya yi magana yau, zan ajiye aikin in huta." Ya miƙe ya sa hularsa. "Tunda kai ka ce lafiya, shi ke nan. Gobe za mu ɗaga ƙarafan hawa na tara. Ka turo min mutanenka da wuri su tsaya a ƙasa."