Asabar Ɗin da Ba Wanda Ya Tambayi Glenys

A bakin wata majinyaciya ne Glenys Hepworth ta fara jin labarin. Tana durƙushe tana naɗe ƙafar Misis Ormerod, tsohuwar da gyambonta ya ƙi warkewa tun sanyin bara, sai tsohuwar ta ce, "Ashe kun koma kamar kanti, Sista? Har Asabar za ku riƙa buɗewa."

"Inji wa?"

"Ga shi can an manna a ƙofa. Ke ba ta ƙofa kike shigowa ba?"

Ta ƙofar baya take shigowa. Shekara goma sha tara ke nan tana ajiye motarta kusa da kwandon shara, ta shigo wannan ƙaramin asibitin unguwa kafin likitoci su iso. Ta gama naɗin, ta raka tsohuwar har waje kamar don girmamawa, ta tsaya ta karanta takardar cikin yayyafi. Daga farkon watan gobe: Talata har ƙarfe takwas na dare, Asabar daga takwas na safe zuwa sha biyu. Akwai likita, akwai nas. Za a yi awon jini da allurai.

Nas biyu ne kacal a gidan: ita da Orla Tinsley, wadda ba ta cika talatin ba, mai 'yan biyu 'yan shekara uku.

Ta iske Orla a ɗan kicin ɗinsu tana jiran ruwan shayi ya tafasa.

"Kin ga abin da ke ƙofa?"

"Na gani." Orla ba ta ɗago ba. "Na ɗauka ke an faɗa miki. Ai ke ce uwar gidan."

"Uwar gidan da ake sanar da ita ta bakin gyambo."

Orla ta yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba. Mijinta direban motar kaya ne, Asabar ba ya gida. Makarantar renon yara kuwa ƙarfe shida take rufewa.

Glenys ba ta ko taɓa shayin ba, ta wuce ofishin manaja. Trevor Sugden mutum ne mai son zaman lafiya, wanda da ya ga fitina tafe sai ya fara gyara takardun da ke gabansa.

"Daga sama abin ya zo, Glenys. Gwamnati ce ta ce a ƙara awanni saboda masu zuwa aiki."

"Kyauta ta ce a ƙara?"

"To... akwai ɗan abin da za a ba asibiti."

"Asibiti, wato likitoci uku. Mu fa?"

"Awannin da kuka yi za a rama muku da hutu."

"Hutu a wace rana, Trevor? Ranar da zan huta, wa zai ga masu ciwon suga? Kai?"

Ya ce shi dai ɗan aike ne. Likitocin su ne masu wurin, su ke biyan albashi, su suka yanke. Ranar Laraba da rana za su zauna taronsu, zai isar musu.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji ta. "Ni ma ina da ƙafa."

Kwana biyar ɗin da suka rage kafin Laraba, Glenys ta kasa zama wuri ɗaya. Ranar Asabar ta je gidan mahaifinta kamar kullum, ta yi masa cefane, ta yanke masa farce, amma sau biyu yana tambayarta ko tana jin abin da yake faɗa. Ran Lahadi ta wanke murhu, ta wanke tagogi, ta fita ta bi bakin kogi da ƙafa har tsohuwar masaƙa ta dawo. Mijinta Des yana kallon ƙwallo, ta gifta gaban talabijin ya fi sau goma.

"Matar nan, ko ki zauna ko ki fita. Kin sa na rasa ƙwallo ɗaya."

"Abin da ya fi ƙona min rai," ta ce, kamar da ma hirar suke yi, "ni ce na fara kawo maganar nan. Shekara shida da suka wuce na ce a buɗe da sassafe saboda 'yan gidan burodi da direbobi. Aka ce babu kuɗi. Yanzu kuɗi ya zo, an manta da mai baki."

"To kuɗin kike so ko a tambaye ki?"

"Duka biyun. Laifi ne?"

Des ya ce shi bai ce laifi ba ne, ta dai matsa daga gabansa.

Ta kira ƙungiyarsu ta ma'aikatan jinya ranar Litinin. Wata mata mai sanyin murya ta ce mata tsarin albashin manyan asibitoci bai shafi masu aiki ƙarƙashin likitocin unguwa ba, sai abin da ke cikin takardar ɗaukarta aiki. Glenys ta lalubo takardar a cikin akwatin takalmi. Takardar ta yi ja saboda tsufa, kuma akwai layi ɗaya a ciki da ya ce za ta yi "duk wasu awanni da aiki ya buƙata". Da hannunta ta sa hannu, tana da shekara talatin da biyar, tana murna.

Ran Laraba ƙarfe ɗaya ta kama hannun Orla suka hau sama. Likitocin uku na zaune da burodinsu da cuku a kan tebur, Trevor na gefe da littafinsa. Babbansu, Dokta Ackroyd, ya ɗaga gira. Glenys ta san shi tun yana sabon likita mai rawar hannu wajen neman jijiya.

"Glenys. Lafiya dai?"

"Lafiya lau, Likita. Mun ga sunanmu a jadawali, muka ce bari mu zo mu gaisa da waɗanda suka rubuta."

"Ai da ma muna da niyyar zama da ku."

"Bayan an manna takarda." Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. "Tambaya ɗaya gare ni tukuna. Jinin da zan ɗiba ran Asabar, wa zai kai shi ɗakin gwaji?"

Ackroyd ya dubi Trevor.

"Motar ɗaukar jini ba ta zuwa Asabar," in ji Glenys. "Ba ta taɓa zuwa ba. Kafin Litinin rabinsa ya lalace, sai mu sake kiran mutane mu sake huda su. Kuma masu aikin da ake yi dominsu, na san su ɗaya bayan ɗaya. Mai tashi daga aikin dare ba zai zo Asabar ba, barci yake. Ƙarfe bakwai na safe yake so, a hanyarsa ta komawa gida."

Dokta Mistry, ƙaramarsu, ta ajiye burodinta. "Wannan gaskiya ne. Ban yi tunanin motar ba sam."

"Sai a gyara," Ackroyd ya ce da sauri. "Mun gode. Shi ke nan?"

"Saura kuɗi."

Fuskarsa ta canza. Ya yi magana mai tsawo a kan kuɗin wuta, da rufin da ke yoyo, da yadda mutane ke zaton likitoci a kan tulin dukiya suke kwana. Glenys ta bar shi ya gama. Ta ce ita ce ke riƙe da masu suga, da masu asma, da rigakafin yara, aikin da a da likita ke yi, kuma shekara uku rabonta da ƙarin da ya wuce kuɗin shayi. Asabar ba Litinin ba ce. Tana son a biya awa ɗaya da kuɗin awa ɗaya da rabi.

"In abin ya yi muku nauyi," in ji Ackroyd yana kallon tebur, "akwai kamfanonin da ke ba da hayar nas."

"Akwai. Ka tambaye su farashi, ka zauna tukuna kafin su faɗa maka."

A nan ne Orla, wadda tun shigowarsu ba ta ce uffan ba, ta yi gyaran murya.

"Ni dai kada a sa ni a lissafi. Na samu aiki a babban asibiti. Ƙarshen wata zan tafi."

Glenys ta juya ta dube ta. Wuyan yarinyar ya yi ja har kunne.

A kan matakala, da suka fito, Orla ta riƙo rigarta. "Ki yi haƙuri, Anti Glenys. Jiya aka kira ni. Can aƙalla na san jadawalina wata guda kafin lokaci, kuma Asabar da kuɗinta."

"Kin bar ni na shiga ina faɗa da yawun mutum biyu."

"Na ji tsoron in na faɗa miki ba za ki shiga ba."

Glenys ta tsaya ta dube ta. Ita ta koya wa yarinyar nan yadda ake duba ƙafar mai suga. Ta zare rigarta daga hannun Orla a hankali ta sauka, don akwai jarirai huɗu da ke jiran allura a ƙasa.

Amsa ta zo bayan mako guda, a rubuce, ta hannun Trevor. An soke awon jini ran Asabar. Asabar ɗin ma ta koma biyu a wata, da kuɗin awa ɗaya da rabi. An ƙara Alhamis ƙarfe bakwai na safe. Yammacin Talata yana nan, babu ƙarin ko kwabo. Kuma daga yanzu nas za ta riƙa zama taron likitoci sau ɗaya a wata, "in akwai abin da ya shafe ta".

"Kin ci nasara," in ji Trevor.

"Na ci rabi. Wa zai yi aikin Orla?"

"Ana nema."

Har aka shiga sabon wata ana nema. Mata biyu suka zo, suka ji albashin, ba su dawo ba. Glenys ta riƙa yin Talatarta da ta Orla, ta mayar da zuwa gidan mahaifinta Lahadi, tsohon yana mita cewa an rikita masa mako. Ita ma ta karɓo takardar neman aiki a babban asibiti, takardar ta kwana uku a jakarta, ta cike shafin farko, ta tsaya a na biyu.

Alhamis ta farko, bakwai saura kwata, mutum shida ta tarar a tsaye cikin duhun asuba. Na farko wani ƙato ne mai suna Malcolm Firth, ma'aikacin gidan burodi, garin fulawa har cikin girarsa. Shekara tara rabonsa da ganin likita. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Yaya, Sista? Zan kai Kirsimeti?"

"In ka ji magana. Kana ciwon kai?"

"Kullum. Na ɗauka zafin tanda ne."

"Ba tanda ba ce. Jininka ya hau sosai. Yau ba za ka tafi ba sai Dokta Mistry ta gan ka."

"Haba, barci nake ji wallahi."

"Ni ma haka. Zauna nan."

Ta leƙa waje. Layin ya ƙaru da mutum uku, ga wayar ofis tana ta ƙara ba mai ɗauka. Ta duba agogo, ta wanke hannu, ta kira na gaba.